Azarar Ɗakin Hure

Garin ne ya fara damuna. Kullum in na tashi sai in tarar da shi a kan murafen kwallayena, wani jan gari mai laushi kamar an tankaɗe. In share, in goge, kafin azahar ya dawo. Ni kuwa Allah ya yi ni ba na son datti a kan jerena. A shekarun nan mun sayar da kusan komai, tasoshina na aure duk sun tafi kasuwar Ɗanbatta ɗaya bayan ɗaya, amma 'yan kwallayen da suka rage sai na goge su ko da ban karya ba.

Bazara ce, shekara guda bayan an daina fam an koma naira. Damina biyu a jere ta yaudare mu. Ƙauyenmu yana kan hanyar Makoda, gona na jikin gona, gida na jikin gida. Da can wannan abin daɗi ne. A shekarun farin nan kuwa ya zama masifa, don in ka ɗora tukunya, kafin ta tafasa an yi maka sallama.

Sunana Hure. Maigidana Malam Sama'ilu, ni Malam nake ce masa. Ƙaninsa Ɗan'auta da matarsa Fadima suna sashen da ke gabas da namu, tun da aka raba gandu bayan rasuwar mahaifinsu. Dangar kara ce tsakaninmu, ita ma awaki sun cinye rabinta, ko wanke-wanke nake yi Fadima tana ganina. Ɗakina shi kaɗai ne soro a gidan. Sauran duk rufin ciyawa ne, ciyawar ma an zare an ba jaki, bai hana shi mutuwa ba.

A ƙarƙashin gadona kuwa akwai buhu biyu na irin gero, wanda ban da ni da Malam ba wanda ya san da zamansa.

Kada a ɗauka rowa ce, Malam ba marowaci ba ne. Taurin kai ne da shi, wannan kam ko a gabansa zan faɗa. A daminar da ta wuce ya raba iri biyu ya ba Ɗan'auta rabi. Shi kuma da zumuɗi, yayyafin farko ya je ya zuba a ƙasa, rana ta ƙone shi. Ya sake shukawa, ya sake ƙonewa. Ɗan abin da ya rage Fadima ta daka ta dama kunu, kuma wa zai ga laifinta, mace da goyo? Shi ya sa da kaka, ɗan abin da gonar kwari ta ba mu, Malam ya zaɓe zangarniyoyi masu kyau, muka sussuke a ɓoye ranar da gari ya tafi jana'iza, muka tura ƙarƙashin gado. Ya sa ni na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ya ce buhu ɗaya namu, ɗaya na Ɗan'auta, amma ba zai ji labarinsa ba sai ruwa ya sauka sosai, ya tona ya ga laima ta kama ƙasa. In irin nan ya salwanta, mu ma sai dai mu ɗaure kaya mu bi waɗanda suka tafi Kano.

Muna cin garin rogo da tafasa, ina kwana a kan gero. Ni kaɗai na san abin da na ji.

Ran nan na ce, "Malam, ɗakin nan yana zubar da gari."

Ya ce, "Bazara ce, komai ma gari yake zubarwa."

"Daga azara yake zubowa. Ka ɗaga kai ka gani."

Ya ɗaga kai kamar mai yi mini alfarma, ya ce zai yi yaɓe kafin ruwa. A gidansu Malam maganin soro ɗaya ne, ƙasa. Kowace bazara a kwaɓa laka da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a hau a yaɓa a kan ta bara. Haka ubansa ya yi, haka ya tashi ya gani, kuma ba a taɓa kankare tsohuwar ba. In ka tsaya wajen indararo ka duba kaurin ƙasar da ke kan rufin, sai ka rantse wani bangon aka kwantar. Da yake an yi shekara biyu ba a yi ruwan kirki ba, ɗakin bai yi yoyo ba, Malam kuwa a wurinsa soron da ba ya yoyo lafiyarsa ƙalau.

A kwanakin ne Ɗan'auta ya dawo daga ci-rani. Birni ya je ya yi wa magina leburanci, ya dawo duk ya rame, ba abin da ya zo da shi sai sabulu da tari. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya leƙo ta inda danga ta ɓalle ya ce, "Matata, me kika ajiye wa mijinki?"

Na ce, "Yunwa na ajiye maka, in zubo?"

"Zubo da yawa, ta gidana ta kusa ƙarewa."

Ya shigo yana dariya, ya tarar da ni ina kokawa da ƙyauren ɗaki. Sai na ga dariyar ta tsaya.

"Yaushe ƙyauren nan ya fara cijewa?"

Na ce ya kwana biyu. Ya ce in miƙo masa muciya. Na miƙa masa, na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya, don in ya ƙara taku biyu zai hangi gefen buhu. Daga nan inda yake ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa azarar da ke kusa. Ta farko ta yi ƙara sosai. Ta biyu ta amsa kamar an buga tsohon gora, gari ya zubo mana a ka. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya soka a inda kan azarar ya shiga bango, ta nutse har ƙota.

Ya ce, "Hure, rabin azarar nan ba giginya ba ce, goruba ce Baba ya cike da ita. Gara ta gama da su. Dubi tsakiya yadda ya yi ciki. Da daga sama yake yoyo, da sai in ce a yaɓe. Wannan ya wuce yaɓe, sai an yaye shi gaba ɗaya."

"A yaye kamar yaya?"

"A fitar da kaya duka, a sauke ƙasar, a canja azara. Gidan su Iliyasu da suka tashi, azararsu tana nan, ya ce mini in ina so in ɗauka. In kira mutum biyar, kafin hadari ya fara haɗowa mun gama. Bana ba wanda zai tambaye ku furar gayya."

Da ya ce a fitar da kaya duka, buhunan nan na tuna. Na ce ya je ya gaya wa yayansa, ni mace ce, ina ruwana da azara. Ya dube ni, don ya san ba haka bakina yake ba.

A zaure ya same shi bayan la'asar. Ni kuma na laɓe a bayan bango, ba zan ɓoye ba.

"Yaya, ɗakin Hure zai faɗi."

"Ɗakin da Baba ya gina?"

"Baba ya gina shi tun ba a haife ni ba. Ka zo ka soka wuƙa da hannunka."

Ya sake bayanin da ya yi mini, a hankali, da ladabi. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Na san abin da yake lissafawa: maza biyar a cikin ɗakina suna ɗaga gado. Ba kuma inda za a kai buhunan. Rumbu a buɗe yake, shi da kansa ya nuna wa kowa ba komai a ciki. Sauran ɗakunan sama ake gani ta rufinsu, zaure kuwa nan ne majalisar unguwa. Ko ta tsakar gida ka ja buhu, Fadima ta gani.

Sai na ji Malam ya ce, "Wato ka je birni ka ɗauki laka a ka, ka dawo za ka koya mini soro?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"To ka kula da naka ɗakin da ba rufi, ka bar mini nawa."

Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni a inda nake. Na san da gangan ya yi, don ya kore shi daga maganar, amma Ɗan'auta ai bai sani ba. Can sai ya ce, "To maganar iri fa? Ko mudu biyu ne, in samu abin da zan jefa."

Malam ya ce, "Na gaya maka babu. Ka leƙa rumbu da kanka."

Washegari Malam ya fara yaɓe shi kaɗai. Ruwan da nake bin layi a rijiya tun hantsi, a ja guga a samu rabinsa laka, shi aka zuba a ƙasa aka kwaɓa. Ina miƙa masa a kan tsani ina mita, yana karɓa yana yi kamar bai ji ba. Inda rufin ya lotsa a tsakiya, nan ya fi jibga ƙasar, wai yana cike kwarin don kada ruwa ya kwanta. Duk curin da ya jefa sai in ji wani abu ya yi ƙara a ciki.

Ɗan'auta yana tsaye a sashensa yana kallo. Sau ɗaya ya yi magana. Ya ce, "Yaya, kaya kake ƙara mata."

Malam bai ko waiwaya ba.

Da yamma, da Malam ya tafi masallaci, Ɗan'auta ya zuro mini wata gwafa ta kan danga. Ya ce in tokare azarar tsakiya da ita, kuma in hadari ya haɗo kada in zauna a ciki. Na so in tsokane shi, bakina ya ƙi. Na karɓa na yi godiya kamar baƙuwa.

Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. In shiga ɗaki in kasa zama, in fito in kasa nisa da shi. In ina tsinke tafasa kunnena yana kan rufi. Ƙadangare ya gudu a sama, sai in zabura. Gwafar da na kafa a tsaye, bayan 'yan kwanaki na ga gindinta ya fara nutsewa a daɓe. Ga zafi, ga gajimare yana haɗowa ta gabas kullum yana watsewa. Duk gari ana roƙon ruwa, an fita fili an yi salla, yara suna zagaye gari. Ni ma ina cewa amin, amma Allah ya sani amin ɗina da tsoro a ciki.

Ana haka Fadima ta kira ni ta danga, goyonta yana ta ƙananan kuka. Ta ce Ɗan'auta yana maganar jinginar da gonarsa ga wani Alhaji mai fataucin shanu a Ɗanbatta, su samu na mota su koma birni. Wai gonar da ba iri, gara a ba mai iri. Tana faɗa tana share ido da gefen zane. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na tuna rantsuwar da na yi. Na ce ta ba shi haƙuri ya ƙara jira, Allah yana nan. Ta ce kowa haka yake ce musu.

Malam yana shigowa na tare shi.

"Ka gaya masa yau."

"In na gaya masa yau, gobe yana cikin turmi. Kin manta bara?"

"Gonarsa zai jinginar."

"Ba zai yi ba. Gonar Baba ce, ba zai ba da ita bai shawarce ni ba. Ni ne babba."

Na ce, "Kai ne babban da ka wanke shi tas a zaure. Da wane ido zai zo shawara?"

Ya ce in iya bakina. Na ce bakina na iya shi ya sa muke cikin wannan hali. Na ce ko dai a bar yaron nan ya yaye ɗakin, a ga abin da za a gani, ko ya kira shi gefe ya gaya masa gaskiya. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. A nan na ga shi ma ba barci yake yi ba, idanunsa duk sun faɗa. Ya ce, "Hure, ruwa ya kusa. Kwana kaɗan ya rage. Ranar da ya sauka, da hannuna zan kai masa buhunsa." Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Kasuwar Ɗanbatta ta ci, na ga Ɗan'auta ya fita da riga mai kyau ya dawo da yamma. Na gaya wa Malam. Ya ce kowa ma yana zuwa kasuwa.

Ruwan ya zo ana sallar la'asar. Ba wani yayyafi, iska ta kaɗa sau ɗaya sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki guɗa, yara suka fito tsirara suna tsalle. Na kwashe shanya, na jera tukwane, na kai babbar randa ƙarƙashin indararo don in tari ruwa. Na tsaya ina jira. Ruwa yana zuba ko'ina, indararon ɗakina kuwa ko ɗigo. Sai na gane duk ruwan a sama yake taruwa, sabuwar ƙasar nan tana sha.

Na faɗa ɗaki da gudu. Ɗan'auta yana ta can gefensu yana ɗaga mini murya, ban tsaya ba. Ruwa ja yana bin azara yana gangarowa, gwafar ta lanƙwashe. Na durƙusa na kama kunnen buhu na ja, ko motsi. Na sake ja, wani abu ya yi ƙara a kaina, ƙasa ta zubo mini a baya. Na fito na yi zaure don in kira Malam, ba ya nan, suna masallaci ruwa ya tare su. Na tsaya a ƙofar zaure ina ƙwala masa kira, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ina cikin kira na ji ƙasa ta girgiza.

Da na koma, ɗakina ba rufi. Bango huɗu a tsaye, tsakiya tulin laka da karyayyun azara. Ɗan'auta yana ciki a durƙushe yana tono da hannu. Ya ga shigata, bai ga fitata ba. Yana cilli da ƙasa yana kiran sunana, "Hure, Hure, ki yi magana." Ina amsawa daga ƙofa, ruwa ya hana shi ji. Wajen gado yake tonawa. Ya sa kafaɗa ya ɗaga wata azara wadda ko mutum biyu sai sun yi da gaske, ya fizge katakon gadon ya jefar. Na tsallaka na dafa bayansa.

Ya waiwayo ya gan ni a tsaye. Ya zauna daɓas a cikin laka yana haki, yana cewa alhamdu lillahi, yatsunsa duk jini. Ya ce, "Kin kusa kashe ni, matar nan." Har ya fara dariya.

Sannan ya dubi inda ya tona. Azara ta farke buhun, gero yana malala a cikin ruwa. Ya ɗebo a tafin hannu ya kai kusa da ido. Ya sa hannu ya laluba gefe ya ji na biyun. Ya ɗago ya dube ni.

Maza suka shigo da gudu, Malam a gaba, hularsa ta faɗi a hanya. Ya gan ni, ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya ga hannun ƙaninsa. Duk wanda ke wurin ya gani. Fadima tana tsaye a inda danga ta ɓalle, ita ma ta gani.

Malam ya ce, "Ɗaya naka ne. Wallahi tallahi naka ne, ruwa kawai nake jira."

Ɗan'auta ya ce, "Na yarda, Yaya. Ba ka rantsuwa a kan ƙarya." Ya zubar da na hannunsa a bakin buhun. "Amma a ina zan shuka? Na ba da gonar ranar kasuwa. An yi shaidu."

"Ba ka gaya mini ba."

"Na zo zaure sau biyu, na kasa shiga."

"Ka shuka a tawa. Mu raba."

"Taka ko gida ɗaya ba ta riƙewa, ka sani." Ya miƙe yana goge hannu a riga, ya dubi mutanen da suka yi cirko-cirko. "Ku zo mu kwashe kafin ya sha ruwa da yawa. Ya riga ya jiƙe, gobe dole ya shiga ƙasa."

Shi ya fi kowa aiki. Ya tsince geron daga cikin laka, ya kai zaure, ya baza a kan tabarma. Da aka gama ya wanke hannu ya koma sashensa.

Da safe gari ya watse gona. Malam yana gaba yana sara da sungumi, ni ina binsa da ƙwarya ina jefawa ina takewa, don ba mai taya shi. A gonar da ke jikin tamu 'yan ƙodagon Alhaji har sun iso da nasu irin. Hanyar da ke fita bakin titi ta gefen gonarmu ta bi. Rana ba ta yi nisa ba sai ga su, Ɗan'auta da ƙunshin kaya a ka, Fadima da goyo da tabarma a naɗe. Da ya zo daidai mu ya rage tafiya.

Ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya ba da damina mai albarka."

Malam ya tsaya da sungumi a hannu. Ni na amsa. Muka bi su da ido har suka sha kwanar tsamiya, ina kuka ban ko ɓoye ba. Sannan na ce wa Malam ya ci gaba da sara, geron ya fara kumbura a cikin ƙwarya.